Tambayi Anti Nas: Goro da yaji ne ke taso min da wannan zafin?

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri. Shekarata 49, a Gwammaja nake, 'ya'yana bakwai, ina ɗinki a gida. Wata takwas ke nan al'adata ta rikice, wani watan ta zo, wani watan shiru. Wannan bai dame ni ba, na san girma ne. Abin da ya hana ni sakat wani zafi ne da yake taso min daga ƙirji, ya haye wuya, ya mamaye fuska kamar na leƙa murhu. Sai gumi ya karyo, zuciya ta yi ta bugawa, can kuma in ji sanyi. Da dare sai na sauya riga sau biyu. Rannan a gidan biki ya kama ni a gaban surukaina, har ana tambayata ko lafiya. Na je an auna ni an ce jinina bai hau ba. Ƙanwar mahaifiyata ta ce iska ce, a nemo hayaƙi. 'Yata da take jami'a kuma ta ce ta gani a waya, wai in bar goro da yaji da shayi, in koma cin awara. Anti, ni kuwa in ban ci goro ba kaina sarawa yake, tuwo babu yaji kuma ai ba ya wucewa. Da gaske abinci ne ke kawo wannan abu? Me zan ci, me zan bari?

'Yar uwarki daga Gwammaja

Wa alaikumus salam Hajiya. Da na gama karanta wasiƙarki sai da na yi dariya, ba ke nake yi wa ba, kaina na tuna. Ina da shekara 48 abin ya same ni, ina aikin dare a ɗakin haihuwa cikin watan Janairu. Hunturu na kaɗawa, masu jego duk sun ƙudundune cikin bargo, ni kuwa ina tsaye bakin taga ina fifita da fayil ɗin wata baiwar Allah, wuyan rigata sharkaf. Wata ƙaramar ma'aikaciya ta ce, "Sista, ko zazzaɓi ne?" Ni da nake koya wa ɗalibai wannan darasi da bakina, sai da na yi wata biyu kafin na yarda ni ce yau a ciki. Don haka ki gaida Inna da kyau, ki ce ta adana kuɗin hayaƙin nan. Abin da kika zayyana shi ne abin da ke samun kusan mata uku cikin huɗu idan haila ta zo ɗaukewa, yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55.

Ga yadda yake faruwa. Ma'ajiyar ƙwan mace tana fitar da wani sinadari da ake kira istirojin, shi ne jigon al'ada. Idan shekaru suka ja sai ya fara hawa da sauka, daga baya ya yi ƙasa. A cikin ƙwaƙwalwa kuma akwai wani ɗan wuri da aikinsa daidaita ɗumin jiki, kamar mai gadin gida. Da istirojin ya ja baya sai mai gadin nan ya zama mai saurin firgita. Ɗan ɗumin da a da ba zai ko ɗaga kai ya kalla ba, yanzu sai ya kwarma ihun gobara: jijiyoyin jinin da ke fata su buɗe, fuska ta ɗau zafi, gumi ya zubo, zuciya ta ƙara sauri. Da yake babu gobarar tun farko, sai jiki ya huce fiye da kima, shi ne sanyin da kike ji a ƙarshe. Yawanci minti 1 zuwa 5 ne ya wuce.

To kin ga ba abinci ne ya haɗa wutar ba. Ko ruwa zalla kike sha sai ta tashi. Amma akwai abincin da yake iza ta, kuma a nan 'yarki ta taɓo gaskiya, sai dai ta yi miki hukunci irin na yaran zamani, a yanke komai rana ɗaya.

Mu fara da yajin. Barkono da attaruhu suna ɗauke da wani sinadari, kafsaisin, wanda yake taɓa jijiyoyin da ke jin zafin wuta a baki, sai jiki ya ɗauka da gaske ya ƙone. Shi ya sa ko ƙato majiyi ƙarfi in ya ci tsire da yaji sai ya share goshi. Ki ɗora wannan a kan mai gadin da dama a firgice yake. Mu kuwa Kanawa ba mu tsaya a barkono ba, ga citta, ga kanumfari, ga masoro, a kunu, a shayi, a zoɓo, a farfesu. Ban ce ki ci tuwo lami ba. Ki rage attaruhun miya zuwa rabi, ki bar daddawa da albasa da busasshen kifi su yi aikin ɗanɗano, mai son yaji ya barbaɗa a kwanonsa. Musamman abincin dare, don shi ne yake bin mutum har shimfiɗa.

Abin da mata da yawa ba sa lura da shi kuma shi ne zafin abin shan kansa. Kokon safe yana tururi, kunun tsamiya daga kan wuta, shayi a kurɓa ana hura shi. Ɗan ɗumin da zai shiga ciki ya isa ya tayar da abin, ko da babu yaji ko kaɗan. Ki zuba kunun, ki je ki yi wani abin, ki dawo ki sha shi da ɗumi-ɗumi. Wannan ko sisi ba za ki kashe ba.

Goro kuwa, bari in tsaya a kansa, don nan ne ni ma na sha fama. Shekaru na yi ina aikin dare da ɓarin goro a aljihu, fari in na samu, ja in babu. Goro yana da kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da ganyen shayi da lemon kwalba masu duhu, shi ne yake kore barci ya sa zuciya ta ɗan ƙara gudu. A 2014 asibitin Mayo na Amurka ya fitar da wani bincike a kan mata wajen 1,800, aka ga masu shan kafeyin sun fi kokawa da wannan zafi da gumin dare. Ciwon kan da kike ji in ba ki ci ba alama ce jikinki ya saba, kuma shi ne dalilin da ya sa ba zan ce ki yanke shi yau ba. Wadda ta yanke rana ɗaya za ta yi kwanaki kai na sarawa, ta ce ai gara zafin, ta koma ruwa. Ki bi shi a sannu. In uku kike ci, ki yi mako guda a kan biyu, wani makon ɗaya, sannan ɓari. Kuma ki mayar da shi na hantsi, domin kafeyin yana ɗaukar awa biyar ko fiye kafin rabinsa ya bar jiki, goron bayan la'asar yana nan tare da ke lokacin kwanciya. Ni haka na yi, na dawo ɓari ɗaya bayan karin kumallo. Zafin bai tafi ba, amma na daina farkawa sau uku, sai sau ɗaya. A wajen mai tashi asuba ta ɗora girki wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shayin dare ma haka, in dai akwai ganyen shayi a ciki. Ki dafa na'a-na'a ko ciyawar lemon tsami ki bari ya huce.

Sai dai ki riƙe wannan: ba jiki ɗaya gare mu ba. Na san wadda take cin ɗan wake jajir da yaji ba ta ji komai ba, amma kofin shayi ɗaya ya jiƙa ta. Na san kuma wadda abin nata ba ya tashi sai ta yi fushi ko ta shiga cunkoson Kantin Kwari. Saboda haka kafin ki haramta wa kanki komai, ki samo ɗan littafin makaranta mai shafi 20 daga jakar autarki. Mako biyu, duk sanda zafin ya taso ki rubuta lokaci, da abin da kika ci ko kika sha kafin nan, da abin da kike yi. In rubutun boko zai ba ki wahala ki yi da ajami, ko 'yar jami'ar ta riƙa rubuta miki tunda ita ta kawo maganar. A ƙarshen mako biyu za ki ga mai laifin da idonki. Sai ki janye abu ɗaya tak na mako biyu ki ga ko an samu sauƙi. In babu bambanci ki mayar da abinki. Babu dalilin da zai sa mace ta haɗa zafi da yunwa.

Yanzu awara. Maganar tana da tushe. Waken suya yana da wasu sinadarai da suka yi kama da istirojin, suna ɗan kwaikwayon aikinsa a jiki, amma da rauni sosai. An fara sa musu ido ne da aka lura matan Japan, masu cin waken suya tun yarinta, ba su kai Turawa kokawa da wannan zafi ba. A 2012 aka tattara gwaje-gwaje da dama aka duba, aka ga sinadaran nan suna rage yawan tasowar zafin da kamar kashi 20 cikin 100 fiye da maganin bogi da ake ba wasu don kwatance. Wato mai goma a rana ta koma takwas. A 2021 kuma aka yi wani gwaji a Amurka, aka sa mata suka bar nama da madara da yawan mai, suna cin rabin kofi na dafaffen waken suya kullum har mako 12. Zafi matsakaici da mai tsanani ya ragu da kashi 84 cikin 100. Ina kyautata zaton irin wannan labarin 'yarki ta gani a waya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mata 38 ne kawai a gwajin, waɗanda ba su sauya abincinsu ba su ma nasu ya ragu da kashi 42, kuma masu cin waken sun rage ƙiba a lokaci guda, ba a ware aikin wake da na ramar ba. Shi ya sa da ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Arewacin Amurka ta fitar da matsayarta a 2023, ba ta sa waken suya cikin abubuwan da ta tabbatar suna magani ba. Akwai kuma wani abin mamaki: sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin hanjin mutum sun sarrafa sinadarin kafin ya yi cikakken ƙarfi, kuma ba kowa ke da irin waɗannan ƙwayoyin ba. A mutanen gabashin Asiya kusan rabi suna da su, a Turawa ba su wuce ɗaya cikin uku ba. Don haka maƙwabciyarki za ta iya rantsuwa awara ta yi mata, ke ki ci wata biyu ki ji shiru, kuma babu maƙaryaciya a cikinku.

Ra'ayina? Ki ci. Abinci ne mai gina jiki, ya fi nama araha nesa ba kusa ba, in ya taimaka riba biyu. Amma dubi yadda muke cin awara a garin nan: a tsoma ta cikin tafasasshen mai, wani lokaci a sake turmuzawa a ƙwai a mayar, a tsamo a zazzaga yaji, a ci tana ƙona yatsa. Abin da aka ba ki da dama an karɓe da hagu. Tunda a gida kike, ki sa a auno miki kwano ɗaya na waken suya a kasuwar Rimi, in kuna da mai zuwa Dawanau ma ya fi sauƙi. Ki jiƙa, ki kai niƙa, ki tace, ki tafasa, ki zuba ruwan tsami ta dunƙule, ki matse kamar yadda kowa ya sani. Daga nan sai ki yanka ki jefa cikin miyar taushe ko ta alayyafo a maimakon nama, ko ki ɗan gasa ta a tanda da shafin mai. Madarar ma, in an tafasa ta sosai ta huce, abin sha ce mai kyau, ba sai an cika mata sukari ba. Ki ba shi wata biyu zuwa uku kafin ki yanke hukunci, ba ya aiki a mako guda. In kina shan maganin maƙoƙo na kullum, ki gaya wa likitanki, don waken suya yana rage shigar maganin jiki in an haɗa su lokaci ɗaya.

Abin da ya fi awara ƙarfin hujja shi ne wanda ba ma son ji. Ba ki faɗa min nauyinki ba, amma mai ɗinki wuni take a zaune, kuma a shekarun nan kitse yana komawa ciki ko da cin bai ƙaru ba. Kitse bargo ne, yana riƙe ɗumi. A wani babban bincike na Amurka da ya ƙunshi mata sama da 17,000, wanda aka fitar a 2012, waɗanda suka rage kilo huɗu da rabi ko fiye cikin shekara sun fi samun rabuwa da zafin. Ƙungiyar can da ta ƙi sa hannu a kan waken suya ta sa hannu a kan rage ƙiba. A Ostireliya ma an bi mata wajen 6,000 tsawon shekara 9, aka ga masu yawan cin 'ya'yan itace da ganye sun fi samun sauƙi, masu yawan maiƙo da zaƙi sun fi shan wuya. Mu fassara wannan da abincinmu: lemon kwalba, cincin, alkaki, fanke, shayi mai cokali huɗu na sukari, da man da yake kwance saman jar miya kamar kududdufi, su ne za a ja wa burki. Tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa, kwaɗon zogale da na rama, dambu mai ganye, alala, fate da yakuwa, ai su ne abincin da iyayenmu suka tsufa a kai. Kankana, gwanda, goba, lemon zaƙi, ga su nan jibge a Yankaba gwargwadon lokacinsu. Ki rage malmala ɗaya, ki ƙara ganye. Ki kuma tashi daga kan keken nan ki taka, ko zagayen unguwa ne bayan sallar asuba kafin rana ta buɗe.

Wani abin da zan roƙe ki, ko ba don zafin ba: ƙashi. Istirojin ne yake kare ƙashin mace, in ya tafi ƙashi yana saurin zaizayewa, shi ya sa tsohuwa za ta zame a banɗaki ƙugu ya karye. Mace da ta haura 50 ana so ta samu kamar miligiram 1,200 na kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, a rana, kofin madara ɗaya yana da wajen 300. Nono, kindirmo, riɗi, kuka, zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu duk suna da shi. Fura da nono mai sanyi da rana ta yi, a dai sassauta sukari, a kuma ce wa mai furar ta rage yaji.

In bazara ta zo kuma, watan Afrilu a Kano zafi yana haura digiri 40, ga dare babu wuta. Ki ajiye ruwan randa kusa da gado, da kin ji abin zai taso ki kurɓa. Ki ɗinka wa kanki rigunan barci na auduga, ki bar masu santsin nan na roba. Da azumi kuma ki buɗe baki da ruwa da dabino, kunun ya jira ya huce.

Zan gaya miki gaskiya a kan tsawon lokacin, don kada wani ya ce miki wata uku ne. Wani bincike da aka yi shekaru ana bin mata a Amurka, aka fitar a 2015, ya nuna tsaka-tsakinsa shekara 7 da 'yan watanni, a baƙaƙen fata kuwa ya kai 10. Yana raguwa a hankali, ba haka zai zauna da ƙarfinsa ba. In kin gyara ci kin ga har yanzu ba barci, ba aiki, ki nemi ganin likitan mata, a asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko wanda ya fi kusa da ke. Akwai maganin da ke mayar da istirojin, shi ya fi komai kashe wannan zafi, amma ba a ba wadda ta taɓa sankarar mama ko daskarewar jini ko shanyewar ɓarin jiki, don haka ba na sayen kemis ba ne. Akwai kuma wasu da ba na istirojin ba. Ki nemi a duba sukarinki da maƙoƙo, don su ma suna sa gumi da bugun zuciya. In kuwa gumin daren ya haɗu da tari na mako biyu ko fiye, ko rama, ko zazzaɓi, to a gwada tarin fuka, kada a ɗora wa girma. Sannan tunda al'adar tana leƙowa, ciki zai iya shiga. Sai an cika wata 12 cur babu ɗigo ake cewa ta ɗauke. Na karɓi haihuwar mata fiye da ɗaya da suka zo awo suna rufe fuska saboda jikokinsu sun girmi abin da ke cikin.

*

Anti, barka da aiki. Ni magidanci ne a Hotoro. Uwargidana tana da wannan matsala ta zafi, har cikin sanyi sai ta kunna fanka. Na ji mai magani a mota yana tallar wani garin da ake damawa da nono, ya ce yana dawo wa mace da ƙuruciya. In saya mata?

Malam, Allah Ya saka maka da kulawa, ba kowane namiji ke lura ba. Amma kada ka saya. Garin da ba a rubuta abin da ke ciki ba, babu lambar NAFDAC, ba wanda zai ce maka ga abin da zai yi wa hanta da ƙodarta, balle in tana shan maganin hawan jini ko na sukari. Kuɗin ka sayo mata kindirmo da kankana, ka sayi bargo na biyu naka kai kaɗai, ka bar mata fankarta. In ta yi saurin fushi kwanakin nan kuma ka tuna wadda ta farka sau uku cikin dare ce take ba ka amsa.

*

Anti, shekarata 55, al'adata ta ɗauke shekara biyu da suka wuce. Na fara shan madarar waken suya saboda zafin nan, sai ga jini kaɗan ya dawo makon jiya. Ƙawata ta ce waken ne ya dawo min da al'ada. Haka ne? Daga Ƙofar Na'isa.

A'a Yaya, kada ki ɗora wa wake. Jinin da ya zo bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada ba haila ba ne, ko ɗigo ɗaya ne, ko ya tsaya da kansa. Sau da yawa dalilin mai sauƙi ne, kamar bushewa da siranta na fatar cikin gaba ko ta cikin mahaifa, amma wani lokaci shi ne alamar farko ta sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa, wadda in an kama ta da wuri ana warkewa. Ki je wajen likitan mata a cikin makon nan, ki gaya masa yaushe al'adar ta ɗauke da ranar da kika ga jinin, za a duba bakin mahaifar a kuma yi miki hoton ciki. Ki tafi da duk wani magani da kike sha, na asibiti da na gida, a cikin leda ɗaya.